Jan Rubutu a Bango: Jidda Ta Firgita, Kano Ta Ga Ɓarawo

Fim ɗin gajere ne, bai cika minti 20 ba, kuma har yau bai fita kasuwa ba. Wasu samari Hausawa mazauna Jidda ne suka haɗa shi da kuɗin aljihunsu da kyamarar aro. Irin fim ɗin nan ne na ɗar-ɗar, ba aljani ba fatalwa, sai dai mai kallo ya kasa zama daidai saboda fargabar abin da zai biyo baya. Kafin a gama tace shi an nuna wa taro biyu, ɗaya a Jidda, ɗaya a Kano. Duka Hausawa ne, wasu ma dangin juna, amma da ka saurari bayaninsu sai ka rantse ba abu ɗaya suka kalla ba. Na Jidda sun kalla gabansu na dukan uku-uku. Na Kano sun tsorata a inda ba a nufa ba, sun yi raha a inda ya kamata jikinsu ya yi sanyi, daga ƙarshe suka yanke wa jarumin hukuncin ɓarawo.

Sai an san unguwar kafin a gane labarin. Daga watan Oktoban 2021 hukumomin Saudiyya suka shiga rushe tsofaffin unguwannin Jidda da suka kira marasa tsari, fiye da unguwa 60, aikin ya ci gaba har cikin 2022. Sabil, Gulail, Karantina, Betromin, Kandara, Hindawiyya, Nuzla Yamaniyya: duk wanda ya taɓa zaman Takari ya san waɗannan sunaye, domin nan ne Hausawa da sauran baƙi suka yi shekara da shekaru suna zaune. Hujjar hukuma ita ce cunkoso da laifuka da miyagun ƙwayoyi, da kuma burin sabunta birnin. Diyya ta ƴan ƙasa masu gida ce. Baƙo ɗan haya sai dai ya nemi inda zai sa kansa, ga kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo. Aikin yana da matakai da kowa ya haddace: a zo a fesa jan fenti a bango a rubuta "ikhla", wato a tashi, sai ranar yanke wuta da ruwa, sai katafila.

Daraktan haifaffen Jidda ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina ta hanyar Chadi da Sudan, ya yi shekaru yana noma da ƙwadago a hanya kafin ya ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin, kamar yadda alhazan da suka saba. Jikan bai taɓa kwana a Najeriya ba, amma da igama, wato katin izinin zama na baƙo, yake zaune. Editan kuwa ɗan Kano ne, ya girmi daraktan, a ɗakunan tace fim na Zoo Road ya koyi sana'a kafin neman abinci ya kai shi Jidda. Gidan da aka yi ɗaukar na gwaggon daraktan ne, gidan haya irin na sha'abi, wato tsohon ginin talakawa, mai ƙofar ƙarfe da ƙaramin tsakar gida. An riga an yi masa jan rubutu, ta kwashe kayanta a motar kaya Daina, har mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, an ciccire an bar ramuka a bango. A ƴan kwanakin da suka rage suka yi aikin, kusan duka a cikin gida da saman rufi, tunda ba su da izinin ɗaukar hoto a titi.

Hotunan sun kwanta a ajiye har ƙarshen 2023. Saudiyya ta ɗage haramcin gidajen silima a Disambar 2017, na farko ya buɗe a Riyad a Afrilun 2018, kuma cikin ƴan shekaru ƴan ƙasar suka fara fitar da nasu finafinan. Daraktan ya shiga silima ya kalli Mandoob na Ali Kalthami, labarin wani mai kai saƙo a daren Riyad da ya faɗa harkar giya ta ɓoye. Ya ce ba labarin ne ya kama shi ba, yadda aka sa garin kansa ya riƙa ba da tsoro ne, tituna da dare da manyan gine-ginen da talaka ke gani daga waje. Ya dawo gida ya tono tsofaffin hotunansa.

Labarin nasu ba shi da rassa. Uwar yaron uwar adashi ce. A hargitsin kwashe kaya ta manta gwangwanin alewar Mackintosh da ta cusa a wani ramin bango, a ciki akwai kuɗin zubin mata da ɗan gwal na amana. Gobe da safe za a rushe layin. Ɗanta, wanda igamarsa ta daɗe da mutuwa, ya koma gidan cikin dare, ya fara lalube, sai ya gane ba shi kaɗai ba ne a ciki. Wani mai ɓalle ƙofofi da wayoyin wuta ya riga shi shiga. A tacewar farko daraktan ya ɓoye dalilin zuwan yaron har sai kusan ƙarshe, yana so ya ba mutane mamaki.

Nunin Jidda da idona na gani, a falon gidan da gwaggon ta koma, an kashe fitila, talabijin babba, mutane har bakin ƙofa. Fitowar farko bango ne kawai da jan rubutun, kyamara ta tsaya cak, ba kiɗa ba magana. Falon ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ce "Innalillahi" a hankali, ba wanda ya tambayi kowa komai. Daga nan har tsawon rabin fim akwai wani sauti da ba ka lura da shi sai ya tafi: gurnanin mukayyif na maƙwabtan da ba su riga sun tashi ba. Jidda gari ne na zafi da gumi, na'urar nan dare da rana take aiki, kuma wuta ba ta cika ɗaukewa haka siddan ba. Da gurnanin ya yanke lokaci ɗaya, wani saurayi da ke zaune a ƙasa ya ce da ƙarfi, "Sun yanke." Bai ma san ya yi magana ba. A wurinsu shirun nan agogo ne, yana cewa katafila ta kusa.

Fitowar da ta fi taɓa su ita ce ta dauriyya, wato motar sintirin ƴan sanda. Ba a nuna motar ba, tunda ba halin ɗaukarta. Fitilar hannu aka lulluɓe da leda shuɗiya da ja, aka riƙa haskowa ta ramin da aka cire mukayyif, hasken na zagaya bangon ɗaki. Yaron ya kwanta rubda ciki, hannunsa ya kai aljihun gaba, ya shafa, ba komai. Sakan goma ne ko ƙasa da haka, amma kowa a falon ya karanta sauran da kansa: ba igama, sai Shumaisi, sansanin tsare baƙi marasa takardu, daga can sai tarhil, wato a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Gwaggon ta miƙe ta shige kicin, ba ta dawo ba sai da aka kunna fitila. Abin dariya ɗaya da aka samu shi ne lokacin da gwangwanin ya bayyana, don kowane gida a can yana da irinsa cike da allura da zare, kuma dariyar ta yi amfani, ta sassauta mutane kafin a sake damƙe su.

Na Kano ban halarta ba, saƙonnin murya da masu kallon suka turo wa editan na saurara. Ƙanensa ne ya tara abokai a wani shago bayan isha, aka kalla a kwamfutar cinya. Akwai masu aikin fim a cikinsu, don haka ba ƴan koyo ba ne.

Jan rubutun bai ce musu komai ba. Mutumin Kano in ya ga rubutun Larabci a bango, abin da ke fara zuwa masa aya ce ko addu'a ko sunan makarantar Islamiyya, har ɗaya ya karanta shi "ikhlasi" ya ɗauka sunan fim ɗin ke nan. Ƙari a kan haka, sun san a Saudiyya aka ɗauka, kuma ƙasa mai tsarki a zuciyar wanda bai zauna cikinta ba wuri ne na natsuwa, ba a fara kallonta da fargaba. Yankewar wuta kuwa dariya ta ba su. Ɗaya ya ce, "Ashe can ma ana ɗaukewa." Mutumin da ɗauke wuta abincinsa ne na kullum ba za ka firgita shi da duhu ba. Sannan aka zo kan dauriyya. Saurayi ya haura gidan da ba kowa cikin dare, yana laluben bango, ya ga hasken ƴan sanda ya kwanta ya ɓuya, kuma ba a faɗi me ya kawo shi ba. A garin da aka sha fama da ƙwacen waya da ƴan daba, wannan hoton suna ɗaya gare shi. Da mai ɓalle wayoyin ya bayyana, sai suka ce ɓarayi biyu ne suka haɗu, duk wanda ya ci ɗan'uwansa ruwansa. Shafa aljihun ma ba su gan shi a matsayin neman kati ba, wani cewa ya yi wuƙa yake lalube.

Amma sun tsorata, da gaske ma. Mage ce ta tsorata su. Jidda cike take da magen titi, kuma lokacin ɗaukar wata baƙa ta riƙa shigowa gidan da kanta, editan ya ga ta yi kyau a hoto ya bar ta a wurare da dama. A falon Jidda ba wanda ya ko ambace ta. A Kano kuwa kango da tsakar dare da baƙar mage mai ƙyallin ido magana ce gamammiya, aljani na tafe. Suka gyara zama suna jiran ta rikiɗa. Da fim ya ƙare ba ta rikiɗa ba, suka ji an yaudare su.

Dole a cire wani kaso na bambancin a ba wa na'ura. Lasifikar kwamfutar cinya da ta waya ba sa fitar da sauti mai kauri yadda ya kamata, don haka gurnanin mukayyif tun farko bai kai kunnensu ba, balle su ji yankewarsa, ga hayaniyar titi. Ƙaramin allo kuma yana cinye abin da ke cikin duhu. Sai dai wannan ba zai bayyana batun ɓarawo da batun mage ba, waɗannan sun gan su sarai.

Alfred Hitchcock, a hirarsa da François Truffaut a 1962, ya bambanta mamaki da zullumi da misalin bom a ƙarƙashin tebur. In mutane biyu na hira bom ya tashi ba zato, masu kallo sun sami firgita ta sakan 15. In kuwa an nuna musu bom ɗin tun farko, an nuna agogo, to hirar banza ta zama minti 15 na ɗar-ɗar, domin sun san abin da mutanen tebur ba su sani ba. Sharaɗin shi ne mai kallo ya sani. Abin da ya faru a lamarin nan, daraktan bai taɓa nuna bom ɗinsa ba, kuma bai lura bai nuna ba, saboda mutanen Jidda da nasu suka shigo falon. Jan rubutu, shirun mukayyif, aljihu wayam, duk ba su ɗauke da tsoro a karan kansu. Tsoron yana jikin wanda ya taɓa kwashe katifa a Daina. Su kuma na Kano ba su zauna hannu rabbana ba, da aka bar musu gurbi sai suka cike shi da abin da suka zo da shi daga gida, ɓarawo da aljani. Ana cewa gani ya kori ji, amma a nan sun gani, jin labarin ne ya yi musu ƙaranci.

Gardamar gyara ta ɗau lokaci. Editan ya ce a sa rubutu layi uku a farko, a bayyana rushe-rushen da ma'anar kalmar. Daraktan ya ƙi.

"Yaya, in na rubuta musu abin da za su ji tsoro, ai na koma mai karanta labarai."

"To darakta, ka zaɓa. Ko su karanta layi uku, ko su ci gaba da kiran yaronka ɓarawo."

Gwaggon ce ta raba su, ba da niyya ba. Tana jin su daga inda take tsince shinkafa ta ce, "Ɗan nan, ranar da suka zo rubutun, jikata ta taɓa fentin bai bushe ba, ta shigo hannu ja-wur. Na zaci jini ne, sai da na wanke na ga ba rauni." Daraktan ya ce wannan za a ɗauka.

Sabuwar tacewar ta fara da rana. Uwa na zaune tana kiran sunayen masu zubi tana lissafi, tana jefa kuɗin a gwangwani, yarinya ta shigo da jan hannu, maƙwabciya ta leƙo ta ce an rubuta musu. An ƙara wata gajerar fitowa inda uwar ke riƙe rigar ɗan tana cewa kada ya fita, katinsa ya mutu, dauriyya na zagaye, kuma in aka yanke wuta to katafila na hanya. Magen an cire ta gaba ɗaya. A wajen sauti editan ya yi dabarar da ta burge ni: ya ɗora ɗigar ruwan mukayyif a kan kwanon rufi bisa gurnanin, ɗis, ɗis, sauti siriri da kowace waya za ta fitar, ta yadda in ya tsaya ko a kasuwa kake kallo za ka ji wani abu ya ɓace.

Aka nuna wa wani taron daban a Kano, wannan karon har da mata. Lamarin ya juya. Sun tsaya wa yaron tun daga ƙofa, kuma abin da ya ɗaure su ba igama ba ce sosai, adashin ne. Wata ta turo saƙo tana cewa ita duk tunaninta yadda uwar za ta kalli idon mata ranar kwasa in kuɗin ya salwanta. Wannan alama ce da ba ta buƙatar fassara tsakanin garuruwan biyu, tana cikin fim ɗin tun farko, daraktan ne ya binne ta a ƙarshe don neman mamaki.

Mutanen Jidda kuwa ba su ji daɗin sabuwar ba. Wasu sun ce an mayar da su baƙi a labarinsu, ana yi musu bayanin abin da suka rayu a ciki. Akwai kuma matsalar da ba ta da magani: gidan an riga an rushe shi, don haka sababbin fitowar a gidan bene na yanzu aka ɗauke su, kyamara a matse don kada bango ya fito. Duk da haka tayil ɗin ƙasa ya fito, gefen mukayyif na zamani mai manne a sama ya leƙo. Wani ya nuna allo da yatsa ya ce wannan ba unguwarsu ba ce, kuma ya ce daga nan bai ƙara yarda da fim ɗin ba. Ba ɗan Kano ɗaya da ya lura da tayil.

A ganina editan ya yi gaskiya a kan adashi da maganar katin, kuma cire magen daidai ne ko da yake ita ma gaskiyar Jidda ce, don hoto mai kyau da ke kai mai kallo wani fim daban asara ne. Inda ban bi su ba shi ne jan hannun yarinyar. Abin ya faru da gaske, na sani, amma a allo ya mayar da fenti jini, kuma wannan tsohuwar dabara ce da kowane fim ke yi. Ƙarfin rubutun nan a bushewarsa yake, aikin ma'aikaci ne da ya fesa ya wuce gida na gaba ko waiwaye bai yi ba. Da ni ne, da maƙwabciyar kawai zan bari ta leƙo ta faɗi maganarta, uwar ta daina lissafi ta bar kuɗin a hannu, sannan a yanka zuwa bangon. Daraktan ya amince da rabin wannan, ya rage tsawon fitowar, amma ya ce labarin gwaggonsa ba zai fita ba.

Yanzu tacewa biyu suke riƙe da su. Editan na son a sa ta biyun a YouTube, inda yake ganin yawancin masu kallo daga arewacin Najeriya da Nijar za su fito. Daraktan na son ya gwada ta farkon a bikin finafinai na Bahar Maliya da ake yi a Jidda tun 2021, da fassarar Larabci a ƙasa, tunda masu kallon can sun san jan rubutun ba sai an gaya musu ba. Kafin su yanke shawara sun shirya kai duka biyun Makka bayan aikin Hajji, su nuna wa Hausawan wajen Shara Mansur, waɗanda su ma sun ga rusau a garinsu amma da yawansu suna zuwa gida Najeriya suna dawowa, su ga wacce za su zaɓa.